Gwajin cutar mantuwa a asibitocin gwamnati na Kumasi: inda suke da ƙarfi da inda suke barin iyali su kaɗai

Idan Baba ya fara tambayar ko an yi la'asar sau huɗu cikin rabin awa, ko Mma ta ɗora tukunya ta manta da ita har ta ƙone, kuma abin sai ƙaruwa yake yi wata bayan wata, to ku kai su asibiti, kada ku tsaya kan cewa gigin tsufa ne kawai. Hukuncinmu game da hanyar gwaji ta asibitocin gwamnati a Kumasi shi ne ta cancanci wahalar da ke cikinta. Wajen gano ciwon da raba shi da cututtukan da ke kama da shi, akwai likitocin da suka san aikinsu sarai. Wajen abin da ke biyo baya kuwa, wato jinyar yau da gobe, hannun asibiti gajere ne, kuma gara iyali su san haka tun kafin su fito daga gida.

Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne a Gana, na Accra da na Pantang da na Ankaful, duk suna can kudu wajen gaɓar teku. A Kumasi aikin yana hannun Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Bantama, wanda kowa ke kira Gee, sai ƙananan sassan lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitocin gunduma. Saboda haka ba Gee ake fara zuwa ba. Mutumin Aboabo ko Asawase ko Sabon Zongo ya fara da asibitin Manhyia, na Tafo Zongo ko Moshie Zongo ya fara da asibitin Tafo, a yi gwajin farko a karɓi takardar turawa. A Gee ƙofa biyu ce: ta likitocin jijiya da ƙwaƙwalwa, da ta likitocin tunani da ɗabi'a. Iyali da yawa suna ja da baya idan aka nuna musu ta biyun, suna cewa Baba ba mahaukaci ba ne. Gaskiya ne, ba mahaukaci ba ne, amma idan babbar damuwarku rashin barci ce da faɗa da gane-gane, wannan ƙofar ce ta fi sanin maganin abin. Idan kuwa mantuwar ta zo bayan shanyewar ɓarin jiki, ko tana tare da rawar hannu da jan ƙafa, ta farkon ta fi dacewa.

Ku duba katin inshorar lafiya tun kwanaki kafin ranar. Wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara na NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa, kuma ana sabunta katin a waya ta *929#. Katin yana rage nauyin ganin likita da wasu gwaje-gwajen jini, amma ku sa a ranku cewa hoton ƙwaƙwalwa da maganin mantuwa sau da yawa daga aljihun iyali suke fita. Ku tambayi kuɗin kowane abu kafin a yi shi, ku karɓi rasit.

Abin da ya fi lalata ziyarar farko shi ne zaɓen ɗan rakiya. An saba babban ɗa ne ke shiga ɗakin likita, ko da a Accra ko a Jamus yake zaune, jiya ya sauka. Likita ya tambaya, "Yaushe abin ya fara?" sai ya ce kwanan nan ne, alhali surukar da ke dafa wa tsohuwa abinci ta ga alamar tun shekara biyu da suka wuce, lokacin da Mma ta fara kasa ƙirga canjin cefane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wadda ke kwana kusa da tsohuwa, ko jika ce ko suruka, ita ce za ta shiga, domin rabin ganewar wannan ciwo daga labarin mai jinya yake fitowa. Kafin ranar ku rubuta a takarda ɗaya: watan da aka fara lura, a hankali abin ya zo ko farat ɗaya, me take iya yi bara wanda yanzu ya gagare ta, ko ta taɓa ɓata hanya, ko ta faɗi ta bugi kai, yadda barcinta yake, ko fitsari yana kufce mata. Abin da ba ku so ta ji, kamar zargin sata da take yi wa 'yan gida, ku rubuta shi ku miƙa wa likita shiru. Faɗarsa a gabanta cin fuska ne, kuma daga nan ba za ta ƙara ba da haɗin kai ba.

Ku zuba duk magungunan da take sha a leda ɗaya ku tafi da su, na asibiti da na kemis da na gargajiya, har kwalaben da ake sayarwa a cikin mota. Wannan ledar ta sha warware matsala. Piriton da ake sha don mura, amitriptyline da diazepam da ake sha don barci, tramadol na ciwon gwiwa, Artane, duk suna iya dusashe tunanin tsoho. Glibenclamide na ciwon suga yana iya saukar da suga ƙasa sosai, mutum ya ruɗe yana gumi. Ku haɗa da tabarau da na'urar ji idan tana da su, da ruwa da abin karin kumallo da zanen canji. Ku je mutum biyu, ɗaya ya bi layin kati, ɗaya ya zauna da ita a inuwa. Jira yana da tsawo a duk asibitin gwamnati, kuma tsohuwar da ta yi awa biyar a kan benci da yunwa za ta faɗi gwajin da da safe za ta iya ci.

Gwajin tunanin shi ne inda mutanen zango suka fi cutuwa, ba don mugunta ba, sai don yadda aka tsara shi. Da Turanci ko Twi ake yawan yin sa. Gwaje-gwajen da aka fi sani, MMSE da MoCA, kowanne maki 30 ne, kuma an gina su ne don wanda ya yi boko: a ce ka riƙa cire bakwai daga ɗari, ka zana agogo, ka kwafi hoton akwati, ka rubuta jimla. Malamin da ya haddace Alƙur'ani yana rubuta ajami, ko Hajiyar da ta yi shekara arba'in tana cinikin goro da ka ba tare da ta taɓa riƙe biro ba, za su iya samun maki kaɗan alhali ƙwaƙwalwarsu garau take. Ku faɗa wa likita tun farko cewa ba ta yi boko ba, ku roƙi a yi mata gwajin da bai dogara da karatu ba. Akwai irinsu. Wanda ake kira IDEA a Tanzaniya aka tsara shi, aka kuma gwada shi a Najeriya: a karanta mata kalmomi goma a tambaye ta su daga baya, a ce ta lissafa dabbobi iya yawan da za ta iya cikin minti ɗaya, a jera tsinken ashana huɗu a tebur a ce ta jera irinsa. Likitan da ya ƙware, ko ba shi da takardar wannan gwaji a hannu, zai karkata tambayoyinsa zuwa rayuwarta, kamar sunan limamin unguwa ko abin da ake sawa a miyar kuka.

Idan kai ne tafinta, fassara abin da aka faɗa daidai, ka tsaya. Zuciya ba ta jure ganin mahaifi yana lalube. Likita ya ce yau wace rana, Baba ya yi shiru yana kallon ɗansa, ɗan ya sunkuya ya ce, "Baba, ai jiya muka je Juma'a." Baba ya ce Asabar, likita ya rubuta maki. An rufa asiri, an kuma ɓata gwajin. Haka nan idan Baba ya amsa da "Alhamdu lillahi, lafiyata ƙalau, yaran nan ne ke son fitina," a fassara shi yadda yake, domin rashin ganin ciwon shi ma alama ce da likita ke nema.

Inda wannan hanya ta fi burge mu shi ne neman abin da ke warkewa. Ba duk mantuwa ce cutar mantuwa ba, kuma babu wurin da zai tantance muku wannan sai asibiti. Gwajin da ya kamata ku gani a takarda ya haɗa da ƙirgen jini gaba ɗaya, aikin ƙoda da gishirin jini, aikin hanta, suga, kalsiyam, taroyid (ƙullin gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki), bitamin B12, da fitsari. Likita zai iya ƙara na ƙanjamau da na tunjere, kada ku ɗauke shi zagi, cututtuka ne da ke taɓa ƙwaƙwalwa kuma suna da magani. B12 yana yin ƙasa musamman ga wanda ya daɗe yana shan metformin na ciwon suga, kuma allura ce ke gyara shi. Taroyid mai rauni yana sa mutum sanyin jiki da mantuwa. Ciwon damuwa bayan rasuwar miji ko mata yana kwaikwayon cutar mantuwa sosai, har kurumta ma tana yi. Idan ɗakin gwajin asibitin ba ya yin wani daga ciki a ranar, a kan tura mutum na kuɗi a waje. Taroyid da B12 su ne iyali suka fi tsallakewa saboda tsada, su ne kuma bai kamata a tsallake ba.

Akwai abin da ba ya jiran ranar kilinik. Tsohon da jiya lafiya lau yake hira, yau bai san inda yake ba, yana gyangyaɗi ko fizge-fizge, wannan ruɗewar gaggawa ce, kuma yawanci wani ciwo ne a jiki ya jawo ta: ƙwayar cuta a fitsari, nimoniya, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin ruwa, riƙewar fitsari ko ta bayan gida. Sashen gaggawa za a kai shi a ranar, ko yana da tsohuwar mantuwa ko ba shi da ita.

Wajen hoton ƙwaƙwalwa, na CT yawanci ya isa, MRI ya fi nuna daki-daki amma ya fi tsada, kuma yana buƙatar mutum ya daɗe kwance ba motsi cikin ƙara. Hoto ba ya cewa wannan Alzheimer ce kai tsaye. Amfaninsa shi ne ya fitar da jinin da ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwar da kowa ya manta da ita, ko ƙari, ko taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa wadda alamarta uku ce, tafiya kamar ƙafa ta manne a ƙasa, kufcewar fitsari, da mantuwa. Yana kuma nuna tabon ƙananan shanyewar jiki da suka wuce ba a sani ba. Wannan na ƙarshen ya shafe mu ƙwarai. Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Gana da Najeriya, har da na Kumasi, wanda aka buga a 2018, ya danganta kusan kashi 90 cikin ɗari na haɗarin shanyewar jiki da hawan jini. Duk tsohon da ke shan maganin hawan jini sai ranar da kansa ya yi ciwo yana kan wannan hanya.

Kada ku fita ɗakin da kalmar "tsufa ne" kawai. Ku roƙi likita ya rubuta sunan nau'in da yake zato da matakin da ya kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Alzheimer ce ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu cutar, sai mai nasaba da jijiyoyin jini, sai nau'in Lewy da ke zuwa da gane-ganen mutane ko dabbobi da sandarewar jiki, sai wanda ke fara canza hali kafin ya taɓa tunawa. Sunan yana da muhimmanci domin magani ya bambanta. Cikin magungunan mantuwa, donepezil ana fara shi da miligiram 5 sau ɗaya a rana, bayan mako huɗu zuwa shida a kai shi 10 idan jiki ya karɓa. Yana iya kawo tashin zuciya da gudawa da rama da munanan mafarkai, yana kuma rage bugun zuciya, don haka a auna bugun kafin a fara, kuma idan ya sauka ƙasa da 50 ko tsoho ya suma, a koma wurin likita nan take. Idan mafarkai ne matsalar, mayar da shi safe yakan wadatar. Memantine na matsakaicin mataki ne zuwa mai tsanani, daga miligiram 5 ana ƙara 5 kowane mako har 20, ana rage shi ga mai ciwon ƙoda. Babu wanda ke warkar da cutar cikinsu. Suna ɗan riƙe wasu mutane na wani lokaci, wasu kuma ba a ganin komai. Saboda haka ku yi lissafi da idon basira: idan kuɗin maganin wata ɗaya zai hana sayen na hawan jini da na suga da abinci mai kyau, ku faɗa wa likita gaskiya a zaɓi abin da ya fi amfani. Saye wata ɗaya a bari wata biyu asarar kuɗi ce, kuma idan an yi tazara ba a komawa kan babban awo kai tsaye.

Maganin kwantar da tarzoma ne ya fi ba mu tsoro. Iyali sun gaji, Baba ba ya barci, sai a nemi abin da zai kwantar da shi, a asibiti ko a kemis. Haloperidol da risperidone da danginsu suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa ga mai cutar mantuwa, kuma ga mai nau'in Lewy suna iya sandarar da shi ya kasa tashi. Diazepam yana kawo faɗuwa da karayar ƙugu. Akwai lokacin da ba makawa, idan zai ji wa kansa ko wani rauni, amma sai da ƙaramin awo, na 'yan makonni, da ranar dubawa a rubuce. Idan an ba ku irin wannan ba a faɗi ranar tsayarwa ba, ku tambaya. Kafin a kai ga ƙwaya a duba ciwon haƙori ko na gaɓoɓi, bayan gida, yunwa, zafi da hayaniya, domin wanda ya kasa faɗin abin da ke damunsa da faɗa yake faɗarsa.

Daga nan ne hidimar ke sirancewa. Za a ba ku ranar dawowa, a sabunta takardar magani, shi ke nan galibi. Wurin ajiye tsoho da rana don mai jinya ta huta, ko mai zuwa gida ya koya muku ɗaga mara lafiya, ba abu ne da tsarin ke miƙo muku da kansa ba. Abin da ke akwai sai an nema. Asibitocin gunduma suna da nas-nas na lafiyar ƙwaƙwalwa masu aiki cikin unguwanni, ku tambayi ofishinsu ku karɓi lamba, su ne mafi kusa da ku idan dare ya yi tsanani. Sashen gashin ƙashi yana taimaka wa mai jan ƙafa. Ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma ne ke duba ko tsohon da ya kai 65 kuma ba shi da mai tallafa masa zai shiga shirin LEAP, tallafin kuɗi da gwamnati ke ba marasa ƙarfi. Idan za ku ɗauki mai jinya ta kuɗi, ku nemi mai jin Hausa, domin yaren da aka koya daga baya yakan riga na uwa gushewa, ku kuma zauna tare da ita kwanakin farko ku ga yadda take yi idan Mma ta ƙi wanka.

Sauran aikin na gida ne. Ku ɗinka ƙyalle mai suna da lambar waya a cikin riga, don takardar aljihu tana ɓata. Ku sanar da maƙwabta da ladan da masu pragya, wato keke mai ƙafa uku, na bakin layi, ku ajiye sabon hoton tsohon a waya, domin wanda ya fita nufin masallaci zai iya tsintar kansa a kasuwar Kejetia. A kashe gas daga kan tukunyarsa, kurfoti kada ya kwana da wuta, a sa fitila a hanyar banɗaki, a rufe kwatar ƙofar gida. Ruɗewa takan ƙaru wajen magariba, sai a kunna fitila da wuri a rage baƙi da ƙarar talabijin. Idan ta ce an sace mata kuɗi kada a yi musu, a ce, "Mma, zo mu duba tare," a riƙa sanin maɓoyarta. Idan ta tambayi mijinta da ya rasu, ba sai an sake yi mata sabuwar ta'aziyya kullum ba, a ja ta da hirarsa. Wanda ya fara ƙwarewa da ruwa a zaunar da shi a miƙe a ba shi abu mai kauri kamar koko ko kunu, cokali kaɗan-kaɗan, ya zauna rabin awa kafin ya kwanta. Wanda ya kwanta gaba ɗaya a juya shi duk awa biyu, a duba ƙugu da diddige kullum, don gyambon kwanciya ya fi saurin zuwa fiye da tafiya. Batun azumi da sallah ku kai wa malami tare da bayanin likita. Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami, kuma tilasta wa mai ciwon suga da ba ya tuna ya sha ruwa yin azumi haɗari ne.

Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da asibiti, amma ɗaure tsoho da sarƙa ko hana shi abinci da sunan magani zalunci ne. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta 2012 ta kare haƙƙinsa, kuma hukumar da dokar ta kafa ta haramta ɗauri tun 2017. Tsohuwar da ke yawo da dare tana sambatu ita ce ta fi shiga haɗarin a kira ta mayya, kuma ƙasar nan ba ta manta da kisan da aka yi wa Akua Denteh, 'yar shekara 90, a Kafaba a 2020 kan irin wannan zargi ba. Takardar likita mai ɗauke da sunan ciwon kariya ce, ku yi kwafinta ku nuna wa sarkin zango da limami idan surutu ya fara.

Maganar dukiya a yi ta da wuri, tun Baba yana gane abin da yake sa wa hannu. Ku je wurin lauya a rubuta takardar wakilci, ku tambaye shi abin da za a yi idan hankalin ya gushe gaba ɗaya, a san wanda ke riƙe da lambar sirrin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, da katin banki da takardun gida, 'yan'uwa duka suna shaida. Mai karɓar fansho daga SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, yana buƙatar tabbatar da cewa yana raye lokaci-lokaci, in ba haka ba kuɗin ya tsaya, don haka ku sanar da ofishinsu halin da yake ciki. A raba kwanan jinya da kuɗinta a rubuce tsakanin 'ya'ya, da ranar hutu tabbatacciya ga wadda ke zaune da shi. Duk ranar komawa asibiti ku tafi da littafi ɗaya mai awon hawan jini na mako-mako, nauyinsa na wata-wata, faɗuwa nawa ya yi, da duk sabon maganin da wani ya kawo gidan, kuma ita mai jinyar ma a auna mata hawan jini a ranar.